Mutuwar Prigozhin: An binne dillali, kasuwar sojojin haya na nan tana ci

Ranar Laraba 23 ga watan Agustan 2023, bayan sallar isha'i, ina zaune a teburin mai shayi a garinmu Rogo sai wani matashi ya ɗaga wayarsa yana salati. Jirgin sama ya faɗi a Rasha, kuma an ce shugaban Wagner, Yevgeny Prigozhin, yana ciki.

Duk wanda ya tuna wancan lokacin ya san dalilin da ya sa labarin ya girgiza majalisar. Wata guda bai cika ba da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. ECOWAS na barazanar kai yaƙi, an rufe iyaka, an yanke wa Nijar wutar lantarki. Matasa da yawa a Arewa sun saka rai cewa idan aka taɓa Nijar, Wagner ce za ta zo ta tare mata faɗa.

Matashin nan ya ce shi ke nan, an karya lagon Wagner. Wani kawuna, tsohon dillalin shanu, ya kurɓi shayinsa ya ce masa, “Yaro, ka taɓa ganin an tashi kasuwa don dillali ya mutu?”

Aka yi dariya aka watse. Yau fiye da shekara biyu ke nan, kuma duk abin da ya faru daga Bamako zuwa Yamai ya gaskata tsohon nan. Mutuwar shugaban sojojin haya ta canza wanda ke karɓar kuɗi da wanda ke ba da umarni, amma ba ta rage jinin da ke zuba ba. Dalili kuwa shi ne, masu saye ne ke raya wannan kasuwa, kuma masu sayen suna nan a cikinmu.

Daga kurkuku zuwa fadar Kremlin

An haifi Prigozhin a 1961 a birnin Leningrad, wanda yanzu ake kira St Petersburg. Ya yi shekara tara a kurkuku kan laifukan da suka haɗa da fashi. Da ya fito ya kama sayar da abinci a bakin titi, ya buɗe gidajen cin abinci, har ya kai ga samun kwangilar ciyar da makarantu da barikokin soja. Daga nan aka laƙaba masa sunan kukun Putin.

Wagner ta ɓulla a 2014 lokacin da Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya daga Yukiren. Daga baya aka ga mayaƙanta a Siriya, Libiya, Sudan, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Mozambik da Mali. Shekaru da dama Prigozhin yana musanta cewa yana da alaƙa da ita, har yana kai ƙarar masu faɗin haka. Sai a watan Satumban 2022 ya fito ya ce shi ya kafa ta.

Amfanin Wagner ga Rasha shi ne ta ba ta damar yin jifa ta ɓoye hannu. Idan an yi nasara, ribar ta Mosko ce. Idan an yi ɓarna, sai a ce kamfani ne mai zaman kansa, gwamnati ba ta san da zancen ba.

Yaƙin Yukiren ne ya kumbura wa Prigozhin kai. Ya riƙa shiga gidajen yari yana ɗibar fursunoni da alƙawarin afuwa ga duk wanda ya yi wata shida a fagen daga. Da su ya ci garin Bakhmut a watan Mayun 2023, kuma da bakinsa ya ce ya rasa mayaƙa kusan 20,000 a can.

Ranar 23 ga Yuni ya yi wa shugabannin sojan ƙasarsa bore. Ya kama birnin Rostov, dakarunsa suka nausa Mosko har saura kusan kilomita 200, kafin shugaban Belarus ya shiga tsakani. Kwanaki kaɗan bayan haka Putin ya tona asirin da aka daɗe ana rufewa: ya ce gwamnati ce ke biyan Wagner, kuma cikin shekara guda ta ba ta sama da rubul biliyan 86, kusan dala biliyan ɗaya.

Wata biyu cif da boren, jirginsa ya faɗo a yankin Tver. Mutum goma suka mutu, ciki har da kwamandan yaƙinsa Dmitry Utkin. Ƙasashen Yamma suka nuna Kremlin da yatsa, ita kuma ta ce ƙarya ce tsagwaronta.

Wa ya gaji mamacin?

Ga wani abin lura. Kwana guda kafin faɗuwar jirgin, mataimakin ministan tsaron Rasha, Yunus-bek Yevkurov, ya sauka a gabashin Libiya domin ganawa da Khalifa Haftar, ɗaya daga cikin manyan abokan cinikin Wagner. Wato tun mai kaya yana da rai an fara rabon gadonsa.

Kwana biyu bayan mutuwar, Putin ya sa hannu kan dokar da ta tilasta wa mayaƙan irin waɗannan ƙungiyoyi yin rantsuwar biyayya ga ƙasa. Yevkurov ya ci gaba da zagaye, ya je Mali da Burkina Faso, ya kuma isa Nijar a watan Disamba. Saƙon guda ne: cinikin yana nan, mai shago ne kawai ya canza.

Haka aka haifi rundunar da ake kira Africa Corps, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Rasha kai tsaye. Rukunin farko ya isa Burkina Faso a watan Janairun 2024. A watan Afrilu masu horar da sojoji na Rasha suka sauka a Yamai da kayan kakkaɓo jiragen sama. A watan Yunin 2025 Wagner ta sanar cewa ta kammala aikinta a Mali, amma Africa Corps ta zauna, kuma da yawa daga mayaƙanta tsofaffin 'yan Wagner ne da suka sauya bajo.

Ku lura da wannan: Prigozhin ya yaba wa juyin mulkin Nijar yana raye, amma Rashawa ba su shiga Nijar ba sai wata takwas bayan an binne shi. Sojojin Faransa sun fice a Disambar 2023, na Amurka kuma suka bar sansaninsu na jirage marasa matuƙa da ke Agadas a watan Agustan 2024. Tasirin Rasha a maƙwabtanmu ya ƙaru ne bayan mutuwarsa.

A Bangui kuwa, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda 'yan Wagner ke gadin Shugaba Touadéra tun 2018 suna kuma riƙe da mahaƙar zinare ta Ndassima, har gunkin Prigozhin da Utkin aka kafa a ƙarshen 2024.

Mun taɓa ganin irin wannan

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan salo ba, domin da shi aka ci ƙasarsa.

Kafin Turawan Ingila su kafa mulki a Arewa, kamfani suka turo gaba. Royal Niger Company, na George Goldie, ya samu lasisin sarauniya a 1886. Yana da sojojinsa, yana ƙulla yarjejeniya da sarakuna, yana karɓar haraji. A 1897 ya kai wa Bida da Ilorin yaƙi. Da aikin ya fi ƙarfin kamfani, gwamnatin Ingila ta biya shi fam 865,000 ta karɓe komai ranar 1 ga Janairun 1900.

Shin ficewar kamfanin ta kawo sauƙi? Shekara uku bayan haka rundunar Lugard ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji nan kusa da mu, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris. Abin takaicin, galibin masu riƙe da bindigogin nan baƙaƙen fata ne da ake biya albashi, kuma da yawansu da Hausa suke magana. Mu ma an taɓa yin hayarmu.

Sai labarin Rabe. Ya taso ne a rundunar wani attajirin fatake ɗan Sudan, Zubairu, kafin ya ɓalle da mayaƙansa. A 1893 ya rusa Kukawa, ya kafa hedikwata a Dikwa, ya mulki Barno da bakin bindiga. Faransawa suka kashe shi a Kusiri ranar 22 ga Afrilun 1900. Kwamandansu Lamy shi ma ya mutu a wannan gumurzu, kuma da sunansa aka kira birnin da yanzu ya zama Injamena.

Mutanen Barno da suka sha azabar Rabe sun ji sanyi da mutuwarsa, amma ƙasarsu ba ta dawo hannunsu ba. Ɗansa Fadlallah ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a Gujba a 1901, sannan Ingila da Faransa da Jamus suka yi wa daular kashin dankali, kowa ya ja rabonsa.

Darasin tarihin shi ne, duk lokacin da babban mai bindiga ya faɗi, wanda ya fi shi ƙarfi ne ke ɗaukar bindigar. Talakan da aka yi yaƙin a gonarsa ba ya cikin magada.

Me Sahel ta samu?

Adalci ne a faɗi abin da ya sa mutanen Mali da Nijar da Burkina Faso suka rungumi Rasha. Faransa ta shafe kusan shekara goma da dubban sojoji a yankin, amma matsalar tsaro sai gaba take yi. Ga raini, ga tarihin mulkin mallaka, ga yuraniyom ɗin Arlit da ke haska biranen Turai alhali ƙauyukan Nijar suna cikin duhu. Fushinsu yana da tushe.

Kuma ba za a ce ba a samu komai ba. A watan Nuwamban 2023 sojojin Mali tare da Wagner suka karɓe Kidal, garin da ya shafe kusan shekara goma ba ya hannun gwamnati. A Bamako an yi ta shagali.

To amma a auna riba da asara.

Tun kafin Wagner ta isa Mali a ƙarshen 2021, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa kuɗin hayar zai kai kusan dala miliyan goma a kowane wata. A watan Maris na 2022 aka yi kisan garin Moura. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa sojojin Mali da wasu fararen fata 'yan ƙasar waje sun kashe aƙalla mutum 500 cikin kwana biyar, mafi yawansu fararen hula da suka zo cin kasuwa. Gwamnatin Mali ta ƙaryata rahoton.

Duk ƙauyen da aka yi wa irin wannan, matasansa da suka tsira ba sa buƙatar wa'azin kowa kafin su shiga daji.

Bayan mutuwar Prigozhin ma ba ta canza zani ba. A ƙarshen Yulin 2024 'yan tawayen Abzinawa da masu iƙirarin jihadi suka yi wa ayarin Wagner da sojojin Mali kwanton ɓauna a Tinzawaten, kusa da iyakar Aljeriya. 'Yan tawayen suka ce sun kashe 'yan Wagner 84 da sojojin Mali 47. A watan Satumba ƙungiyar JNIM ta kai hari cikin Bamako kanta, har filin jirgin sama. Daga Satumban 2025 kuma ta fara tare manyan hanyoyi tana ƙona tankokin mai, har layin man fetur ya gagari kundila a babban birnin, aka rufe makarantu na wani lokaci.

A Nijar, ranar Juma'a 21 ga Maris na 2025, cikin watan azumi, an kashe masallata 44 a ƙauyen Fambita da ke jihar Tilaberi. Rahoton ma'aunin ta'addanci na duniya na 2025 ya nuna cewa fiye da rabin mutanen da ta'addanci ya kashe a faɗin duniya a 2024 a yankin Sahel suka mutu.

Idan an gudu daga gara an faɗa gidan zago, sai a ce tsugune ba ta ƙare ba.

Akwai kuma bambanci guda da ya kamata masu mulkin soja su yi tunani a kai. Wagner tana shiga daji ta yi faɗa saboda da shi take cin abinci. Africa Corps kuwa sojan gwamnati ce, kuma gwamnati ba ta son gawawwakin 'ya'yanta su riƙa komawa gida daga wata nahiya. Ta fi karkata ga horo da gadin sansani da tsaron fadar shugaba. Kujerar mai mulki ta ƙara samun kariya, manomi da makiyayi kuwa suna nan inda aka bar su.

Yaƙin wasu a gonarmu

Mutuwar Prigozhin ta cire labulen da Rasha ke fakewa a bayansa, kuma wannan ya jawo Afirka cikin rigimar manyan ƙasashe fiye da da.

Bayan harin Tinzawaten, kakakin hukumar leƙen asirin sojan Yukiren ya yi wata magana da ta nuna cewa 'yan tawayen sun samu bayanan da suka taimaka musu. Cikin kwanaki Mali ta yanke hulɗar jakadanci da Yukiren, Nijar ta bi sahu. Wato yaƙin da ake yi a gabashin Turai ya samu sabon fage a Hamadar Sahara, a ƙasar maƙwabciyar maƙwabciyarmu.

A Sudan, Wagner ta daɗe tana harkar zinare, kuma an sha zarginta da kusanci da dakarun RSF na Hemedti. Da ragama ta koma hannun gwamnati sai Mosko ta fara matsowa kusa da sojojin Janar Burhan, saboda tana neman sansanin sojan ruwa a gaɓar Bahar Maliya. Abokin jiya ya zama kayan ciniki.

Siriya ce ta fi ba da darasi. Tun 2015 Rasha ke riƙe da Bashar al-Assad da jiragen yaƙi da sojojin haya. A ƙarshen Nuwamban 2024 'yan tawaye suka taso, cikin ƙasa da mako biyu gwamnatinsa ta rushe. Rasha, wadda hankalinta ke Yukiren, abin da ta iya yi masa shi ne ta ba shi mafaka a Mosko. Duk shugaban Afirka da ya jingina rayuwarsa da bindigar aro ya kamata ya kalli wannan da kyau.

A nan Afirka ta Yamma kuwa, ƙarfin gwiwar da ƙasashen uku suka samu ya taimaka wajen kafa ƙawancen AES a Satumban 2023 da ficewarsu daga ECOWAS a Janairun 2025. Ɗan kasuwar Dawanau ko Kwari da ke hulɗa da Maraɗi da Damagaram ya san abin da watannin rufe iyaka suka yi wa jarinsa kafin a buɗe ta a Maris na 2024. Sojojin da ya kamata su haɗa kai su tsare iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500 sun koma kallon hadarin kaji. Ɗan ta'adda kuwa ba ya tsayawa a buga masa fasfo.

Masu cewa a ɗauko mana su

A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga matasa suna ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna da Katsina. An kama teloli, babban hafsan tsaro ya ce cin amanar ƙasa ne, ofishin jakadancin Rasha ya ce babu hannunsa. Yawancin yaran nan ba za su iya nuna Rasha a taswira ba. Abin da suke faɗa da tutar shi ne sun gaji, kuma suna neman mai ceto ko daga ina ya fito.

Wannan tunani bai tsaya ga yara ba. Bayan kisan manoman Zabarmari a Nuwamban 2020, Gwamna Babagana Zulum ya ba Gwamnatin Tarayya shawarar ta ɗauko sojojin haya. Ba na zarginsa. Mutumin da ya tsaya a kan gawawwakin manoma fiye da arba'in da aka yi wa yankan rago yana da haƙƙin neman kowace irin mafita.

Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce abin da ya faru a farkon 2015. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗauko kamfanin STTEP na Eeben Barlow, tsohon sojan Afirka ta Kudu, kuma a 'yan watannin nan an ƙwato garuruwa da dama daga Boko Haram, tare da gudummawar sojojin Chadi da Nijar. Gaskiya ne. Amma kwangilar ta ƙare, suka kwashe komatsansu, kuma yau fiye da shekara goma ana nan ana fama.

Shi wannan Barlow ɗin ne ya kafa Executive Outcomes, kamfanin da gwamnatin Saliyo ta yi haya a 1995. Sun kori 'yan tawaye daga kusa da Freetown da mahaƙar lu'ulu'u. Suka fice a Janairun 1997, a watan Mayu aka kifar da Shugaba Tejan Kabbah. Su wa suka je suka mayar da shi? Sojojin Najeriya na ECOMOG, da jininsu da kuɗinmu.

Sojan haya zai iya cin gari, amma ba zai zauna ya yi shari'a tsakanin manomi da makiyayi ba. Ba zai gina ofishin 'yan sanda ko makaranta ba. Kuma zaman lafiya a wurinsa ƙarshen kwangila ne. Shi ya sa tun 1977 ƙasashen Afirka suka sa hannu a Librebil kan yarjejeniyar kawar da aikin sojan haya daga nahiyar, bayan abin da suka gani a Kwango da Biyafara da Angola.

Namu samfurin na gida

Ba sai mun je Mali ba. A ƙananan hukumomin Tangaza da Gudu na Jihar Sakkwato an gwada wannan cinikin.

Masu bincike kan tsaron yankin sun nuna cewa shekarun baya, da ɓarayin daji suka addabi jama'a kuma hukuma ta yi nisa, wasu shugabannin al'umma ne suka gayyato wasu mayaƙa daga tsallaken iyaka domin su kare su. Da farko sun yi aikin. Sun kori ɓarayi, sun dawo da shanun sata. Daga baya suka fara karɓar zakka da ƙarfi, suna kafa dokoki, suna yi wa matasa bulala, suna kashe wanda ya ja da su.

Su ne Lakurawa. A Nuwamban 2024 sun kashe mutum 15 a garin Mera na Jihar Kebbi, kuma a Janairun 2025 kotu ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Waɗanda suka gayyato su ba mugaye ba ne, mutane ne da tura ta kai bango. Amma wanda ya ba kura ajiyar nama ya san ranar karɓa akwai magana.

Haka zancen kashe shugabanni. An kashe Buharin Daji a Maris na 2018, aka yi murna a Zamfara. An kashe Halilu Sububu a Satumban 2024, aka sake murna. Shekau ya mutu a 2021. Kowace mutuwa daga cikin waɗannan ta rage mugun iri, kuma jami'an da suka sadaukar da rai a yaƙi da su sun cancanci yabo. Sai dai yaran kowanne sun watse sun kama sababbin iyayen gida, wasu ma suka kafa nasu dabar, domin zinaren yana nan, kuɗin fansa yana nan, hanyar shigo da bindiga tana nan, matasa marasa aikin yi suna nan.

Abin da ya faru da Wagner ke nan, a babban faifai.

Abin da ya shafe mu a Rogo da Ƙaraye

Wani zai ce me ya haɗa mai noman rake a Rogo ko masunci a dam ɗin Challawa da jirgin da ya faɗi a Rasha? Rogo tana iyaka da Katsina da Kaduna. Mun san yadda hankalin mutane ke tashi idan aka ji baƙin babura da dare. Mun san yadda ake karo-karo a biya 'yan sintiri. Kuma na sha jin ana cewa a majalisa, da za a samu wasu masu zafin nama daga wani wuri a biya su, da an huta.

Kafin wata unguwa ko ƙaramar hukuma ko jiha ko ƙasa ta miƙa wa wani bindiga ta ce ya tsare ta, akwai tambayoyi huɗu da ya wajaba a amsa.

Wa ke biyansa, kuma idan kuɗin ya yanke me zai ci? Idan ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, wace kotu ce za ta kira shi ya amsa? Idan shugabansa ya mutu, wa yaransa za su bi? Idan aka ce masa aiki ya ƙare, wa ke da ƙarfin karɓar bindigar daga hannunsa?

Putin, da duk makaman nukiliyarsa, sai da ya ga tankokin yaron gidansa sun nufo Mosko. Idan haka ta faru da shi, ina ga dagaci?

Wannan ba ya nufin jama'a su naɗe hannu. Jihohin Katsina da Zamfara sun kafa rundunonin tsaron al'umma, na Katsina a Oktoban 2023, Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Irin waɗannan za su yi amfani matuƙar 'ya'yan gari ne da aka san iyayensu, doka ce ta kafa su, albashinsu na fitowa daga baitulmali a kan lokaci, suna aiki ƙarƙashin jami'an tsaro, kuma ana hukunta duk wanda ya wuce gona da iri. Ranar da ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa ya faɗi, an kama hanyar da 'yan sa-kai suka bi a Zamfara, inda kisan ramuwar gayya a kasuwanni ya mayar da satar shanu yaƙin ƙabilanci.

A matakin ƙasa kuma, Najeriya ba ta da zaɓin da ya wuce gyara tsakaninta da Nijar, ko wane ne ke mulki a Yamai. Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya ne. Rasha za ta tafi wata rana kamar yadda Faransa ta tafi, iyakar kuwa tana nan daram. Sannan kuɗin da za a ba kamfanin waje a wata guda, a zuba shi a albashi da kayan aikin sojan da ke kwana a daji, a kuma bi sawun kuɗin har ya isa hannunsa.

Ga 'yan uwana matasa masu yaɗa bidiyon Wagner a TikTok da Facebook da waƙoƙin yabo, ku nemi labarin Moura ku karanta. Mutanen da aka jera aka harbe a can Musulmi ne, makiyaya da 'yan kasuwa, masu kama da iyayenmu. Ƙin Faransa ba ya wajabta son duk wanda ke gaba da ita.

Kwanakin baya na tuna wa kawuna maganar da ya yi a teburin mai shayi. Ya yi murmushi ya ce ai bai ƙarasa ba. Kasuwa takan tashi, in ji shi, amma sai ranar da masu saye suka daina zuwa.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon tsare mu da hannunsu.